Kwalbar Barolo Yuro 1,000, mai tsinkar inabin Yuro 5 a awa: ya aka yi haka?

Wai ta yaya ruwan inabin da ko lita ɗaya bai cika ba zai kai Yuro 1,000, amma wanda ya yini a gangaren tudu yana tsinko inabin da hannunsa a sallame shi da Yuro 4 ko 5 a awa, wani lokacin ma a haɗa masa da duka? Wannan tambayar ta taso sosai a 2024 lokacin da jami'an tsaro a lardin Cuneo, can arewa maso yammacin Italiya, suka kama wasu dillalan lebura a yankin Langhe, har bidiyo ya fito ana jibgar wani ma'aikaci da rodi a cikin gona saboda ya yi ƙorafi. Mutanen da abin ya shafa baƙin haure ne, da yawansu 'yan Afirka, irin matasan nan da ke bi ta Agadas su ratsa Libiya su tsallaka teku da sunan za su je aikin gona a Turai.

Bari in faɗa tun yanzu dan kar a yi min mummunar fahimta, giya haramun ce a Musulunci, ba na shanta kuma ba tallarta nake ba. Amma 'yan'uwanmu suna cikin gonakin nan suna aiki, wasu kuma suna nan gida suna tara kuɗin tafiya ba su ma san irin gonar da za a kai su ba, to ya kamata mu san yadda harkar take daga tushe.

Ba irin kwalbar da ake ajiyewa a wajen biki ba ce

Nan ne ruɗanin farko yake. Kwalbar nan mai kyalli da ake jerawa a tebur wajen dina a Kano ko Kaduna, mai gas da zaƙi, yawanci lemon inabi ne kawai babu barasa a ciki. Abin da ake magana a Italiya daban ne. Ana matse inabi a bar shi da ɓawonsa da 'ya'yansa a cikin tanki, yis ya cinye sukarin da ke ciki ya mayar da shi barasa, launin jan kuma daga ɓawon yake fitowa ba daga ruwan ba, dan ruwan cikin inabi kusan fari ne ko da baƙin inabi ne. Barolo, wato jar giyar inabin Italiya da muke magana a kanta, a doka ba ta yin ƙasa da kashi 13 cikin ɗari na barasa, sau da yawa tana kai 14 har fiye. Wato ta ninka giyar kwalba ta yau da kullum ƙarfi kusan sau uku.

Kuma inabin ma ba irin wanda muke saye a wajen masu kayan marmari ba ne. Na giya ƙanana ne, ga 'ya'ya a ciki, ga sukari da yawa ga tsami, ba dan ci ake noma su ba.

Italiya da Faransa su ne kan gaba a duniya a wannan sana'a, suna karɓe-karɓen na ɗaya a tsakaninsu. A 2024 giyar inabin da Italiya ta fitar waje ta kai wajen Yuro biliyan 8, Amurka ce babbar mai saye.

Barolo sunan wuri ne, Nebbiolo sunan inabin

Idan ba a gane wannan ba to ba a gane komai ba a cikin lissafin. Barolo wani ɗan ƙauye ne a yankin Langhe na jihar Piemonte, kudu da birnin Turin, kusa da garin Alba, mutanen cikinsa ba su kai dubu ɗaya ba. Doka ta ce ba wanda ya isa ya rubuta Barolo a jikin kwalba sai in a cikin iyakar da aka shata a garuruwa 11 aka noma inabin, irin su Barolo ɗin kanta da La Morra da Serralunga d'Alba da Monforte d'Alba da Castiglione Falletto. Duka gonakin da ke da wannan izini hekta 2,000 ne da 'yan kai. Ka tsallaka iyakar da taku ashirin ka shuka inabi iri ɗaya, ka yi masa hidima iri ɗaya, ba ka da damar kiransa Barolo, kuma farashinka ya faɗi warwas.

Sharuɗɗan ba su tsaya a nan ba. Dole inabin ya zama Nebbiolo zalla ba gauraye ko na cokali ɗaya. Ba a yarda hekta ɗaya ta ba da fiye da tan 8 ba. Sannan dole a ajiye giyar aƙalla wata 38 kafin a fitar da ita kasuwa, 18 daga ciki a gangar katako, in kuma ana so a rubuta Riserva sai ta yi wata 62. To ka duba fa, manomi ya yi girbi bana amma ba zai ga ko sisi daga wannan girbin ba sai bayan shekara uku da wani abu, alhali kullum yana biyan ma'aikata da wuta da bashin banki.

Wannan tsarin ya samo asali ne daga dokar 1963 da ta kafa abin da suke kira DOC, wato shaidar cewa abu daga wuri kaza yake kuma an bi ƙa'ida kaza. Barolo ta samu DOC a 1966, sai a 1980 aka ɗaga ta zuwa DOCG wanda shi ne matakin ƙoli, tare da wasu giyoyin, Brunello di Montalcino da Barbaresco da Vino Nobile di Montepulciano. Mai DOCG sai an ɗanɗana an gwada a ɗakin bincike kafin a ba shi wata siririyar takarda mai lamba ta gwamnati da ake manna wa a wuyan kowace kwalba. A 2010 ma sai suka ƙara yanka yankin gunduwa-gunduwa, aka yi wa kowane tudu rajista da sunansa, sunaye sama da 170, irin su Cannubi da Brunate da Rocche dell'Annunziata. Yanzu ba sunan gari kaɗai ake saya ba, har sunan gefen tudun.

Yi lissafin da kanka. Tan 8 a hekta yana ba da kwalba wajen 7,000, kenan kowace kwalba inabin da ya ɗan haura kilo ɗaya ne a cikinta. Kilo ɗaya fa. Ita kuma hektar a tsakiyar yankin farashinta yana kai Yuro miliyan 2, a tuddan da suka yi suna ma ya wuce haka. Dan haka wanda ya sayi kwalbar, kaɗan ne daga kuɗinsa ya tafi a kan inabi, sauran kuɗin ƙasa ne da kuɗin jira da kuɗin suna.

Inabi mai wuyar sha'ani

Nebbiolo shi ne kan fara tofo da wuri a ƙarshen sanyi, abin da ke sa sanyin dare ya iya ƙone masa sabon tofo, kuma shi ne na ƙarshen nuna, sai cikin Oktoba ake girbe shi lokacin da hazo ya fara rufe kwarurrukan Langhe da safe. Tsawon watannin nan duk yana fili, ruwan ƙanƙara na minti goma ya isa ya gama da wahalar shekara. Shi ya sa tun da can tsofaffin manoma suke ware masa gefen tudun da ke kallon kudu inda rana ta fi bugawa, wai suna lura da inda dusar ƙanƙara ta fara narkewa su ce nan ne wurinsa, sauran gefunan a shuka wasu irin inabin, Barbera ko Dolcetto, ko itacen hazel.

An gwada kai shi Kalifoniya da Ostareliya da wasu wurare, yana fitowa amma da wuya ya ba da abin da yake bayarwa a gida. Ƙasar Langhe tsohon ƙasan teku ce, laka ce mai farar ƙasa a ciki, kuma ko a cikin yankin ma akwai bambanci, ta ɓangaren La Morra giyar ta fi saurin laushi, ta ɓangaren Serralunga ta fi tauri da daɗewa. Masu sha suna cewa launinta ba ya yin duhu sosai amma tana da bauri mai kama baki irin na goro, da tsami, kuma waɗannan biyun ne ke sa ta iya shekara ashirin ko talatin a kwalba ba ta lalace ba. Daga nan attajirai suka mayar da ita kadara, a saya a ɓoye a ɗakin ƙasa a jira farashi ya tashi a kai gwanjo. Wasu kwalaben suna sauya hannu sau da yawa ba wanda ya taɓa buɗe su.

Gida ɗaya a matsayin misali

Ɗauki gidan Giacomo Conterno da ke Monforte d'Alba, wanda kusan kowa a harkar ya yarda yana sahun farko. Shekaru da dama ba su da gonar kansu, sayen inabi suke daga manoma su sarrafa, kamar yadda yawancin gidaje suke yi a lokacin. A 1969 'ya'yan gidan biyu, Giovanni da Aldo, suka raba gari kowa ya kama nasa. Sai a 1974 Giovanni ya sayi wani fili mai suna Cascina Francia a Serralunga ya dasa inabi. Yau ɗansa Roberto Conterno ne ke riƙe da gidan.

Giyarsu mafi daraja ita ce Monfortino, kuma ba kowace shekara ake yinta ba, sai shekarar da maigidan ya ga inabin ya kai. In bai kai ba babu Monfortino a wannan shekarar, ko da masu saye suna layi da kuɗi a hannu. A al'adarsu takan yi shekaru har wajen bakwai a manyan gangunan katako kafin a zuba ta a kwalba. A 2002 ruwan sama da ƙanƙara suka yi wa yankin ɓarna har gidaje da yawa suka haƙura ba su fitar da Barolo ba gaba ɗaya, amma gonar Francia ta tsira, suka yi Monfortino a shekarar da kowa ya ce ta lalace, kuma ta zama cikin waɗanda ake nema ruwa a jallo. Irin wannan kwalbar ce ke kai Yuro 1,000 har ta wuce. Amma fa kar a ɗauka duk Barolo haka take, akwai ta Yuro 30 ko 40 a manyan kantuna, cikin kwalba miliyan 14 ko kusa da haka da yankin ke fitarwa a shekara 'yan kaɗan ne ke kai waccan tsadar.

Gaskiya ni abin da ya fi tsaya min a rai a labarin gidan nan shi ne iya haƙurin cewa bana ba za mu sayar ba. Manomin da bashi ya yi wa katutu ba zai iya wannan ba, sai wanda ya riga ya tsaya da ƙafarsa.

Da can yankin talakawa ne

Wanda ya ga Langhe yau da otal-otal da 'yan yawon buɗe ido, ga UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, zai ɗauka haka suka tashi. Ba haka ba ne. A ƙarni na 19 manyan masu sarauta ne ke da harkar, irin su Giulia Falletti matar mai sarautar Barolo da Camillo Cavour wanda ya zama firaministan farko na haɗaɗɗiyar Italiya a 1861, yana da gonaki a Grinzane. Talakan yankin kuwa ɗan ƙodago ne. Bayan yaƙin duniya na biyu matasa guduwa suka dinga yi daga gona, wasu su tafi kamfanin motoci na Fiat a Turin, wasu kamfanin Ferrero mai yin Nutella da aka kafa a Alba a 1946, wanda har motoci yake turawa ƙauyuka su ɗebo ma'aikata su dawo da su. Manomin inabi a lokacin sai ya loda amfaninsa a amalanke ya kai dandalin Alba ya tsaya dillalai su yi ta ja masa rai har yamma, sun san inabi ba ya jira, dole ya sayar a yadda suka ga dama.

Sai kuma bala'in 1986. Wasu 'yan kasuwa a garin Narzole, wanda ke maƙwabtaka da yankin Barolo, suka zuba sinadarin metanol a giya mai arha dan ƙara mata ƙarfi. Aƙalla mutum 19 suka mutu, wasu suka makance. Ba Barolo ba ce aka gurɓata amma sunan Italiya gaba ɗaya ya zube, ƙasashe suka dinga tsare kayanta a kan iyaka, cinikin waje ya faɗi ƙasa sosai a shekarar. Daga wannan abin kunyar ne aka tsaurara bincike, manoma da yawa kuma suka yanke shawarar barin neman yawa su koma neman inganci, su rage amfanin gona da gangan, su zuba a kwalba da sunan gidansu maimakon sayar wa dillali.

A tsakanin nan ne ma aka yi rigimar ganga. Wasu matasa sun je Faransa sun ga yadda ƙananan manoman Burgundy ke samun kuɗi, suka dawo suka ce a bar manyan tsofaffin ganguna a koma ƙananan sababbi na itacen Faransa, a rage kwanakin jiƙa ɓawo dan giyar ta yi saurin shayuwa. Elio Altare na La Morra har zarton inji ya ɗauka ya yayyanka gangunan mahaifinsa, uban ya cire shi daga gado. Su Bartolo Mascarello da gidan Conterno suka ce su kam ba za su bar hanyar iyaye ba. Yau ƙurar ta lafa, yawanci sun haɗu a tsakiya, amma rigimar ce ta jawo hankalin 'yan jarida da masu sayen Amurka, farashi ya fara hawa bai sauko ba.

Duk inda suna ya yi tsada, 'yan jabu na nan

A 2008 masu gabatar da ƙara a Siena suka binciki wasu manyan gidajen Brunello di Montalcino a jihar Toscana, bisa zargin suna gauraya wasu irin inabi alhali doka ta ce Sangiovese zalla. An tsare kwalabe masu ɗimbin yawa, Amurka ta yi barazanar hana shigar da Brunello sai da shaida. Ba wanda ya mutu, ba guba aka zuba ba, laifin kawai shi ne abin da ke cikin kwalba ba shi ne aka rubuta a jiki ba. A ƙarshen shekarar masu sana'ar suka kaɗa ƙuri'a da gagarumin rinjaye cewa a bar dokar yadda take.

Na 2020 ya fi ban mamaki. Sassicaia giya ce ta gidan Tenuta San Guido a Bolgheri, wadda Mario Incisa della Rocchetta ya fara da inabin Cabernet ɗan asalin Faransa, aka fara sayar da ta girbin 1968. Da yake ba ta bi dokar yankin ba, shekaru da yawa a matsayin giyar tebur mafi ƙasƙanci take a takarda alhali ta fi masu DOC tsada, har dai hukuma ta haƙura ta yi mata nata DOC ɗin. To a Oktoban 2020 'yan sandan kuɗi na Italiya suka bankaɗo masu yin jabunta a kusa da Milan, giyar daga Sisili, kwalaben daga Turkiyya, takardu da akwatunan daga Bulgeriya, aka kama kwalba wajen 4,200. Kuma asirin ya tonu ne saboda akwati ɗaya da ya faɗo daga mota aka tsince shi a bakin titi.

To wa ke yin aikin?

Nan ne maganar ta dawo kanmu. Tuddan Langhe suna da gangara sosai, injin girbi ba ya iya aiki a yawancinsu, kuma masu giya mai tsada ba sa ma son inji ya taɓa inabin. Komai da hannu ne. A yi sassabe da almakashi cikin sanyin Janairu yatsu na ƙagewa, a ɗaure rassa a jikin waya, da bazara a rage ganye, a zubar da wani ɓangare na ɗanyen inabin a ƙasa dan sauran ya yi kyau, sannan a zo girbi, mutum yana duƙe yana yanka nono-nono yana jerawa a akwatin roba a hankali dan kar ya fashe, ya cicciɓa ya kai bakin layi inda tarakta za ta ɗauka, ya dawo ya sake, tun safe da raɓa har rana ta faɗi.

'Ya'yan masu gonakin sun yi karatu sun koma ofis da harkar talla, 'yan ƙasa ba sa son aikin. Da farko mutanen Masedoniya da Romaniya da Bulgeriya ne suka cike gurbin, daga baya 'yan Afirka da 'yan Asiya suka shigo, da yawansu masu jiran takardar mafaka ko waɗanda takardarsu ta ƙare. Kuma mai gona sau da yawa ba shi ke ɗaukarsu kai tsaye ba. Yana ba wa wani kamfani ko ƙungiyar haɗin gwiwa kwangila, irin waɗanda ba su da ko taku ɗaya na gona sai dai lebura, ya biya su a dunƙule ya juya baya. A nan ne ɗan kamashon da suke kira kaporale yake shigowa, tsarin kuma kaporalato. Shi ke zuwa da mota da asuba ya zaɓi wanda zai yi aiki yau, ya cire kuɗin mota daga ladanka, ya cire kuɗin katifar da ya ba ka a ɗakin da aka cusa mutane, in ka yi awa goma a rubuta maka huɗu a takarda ko ma kar a rubuta komai. Wasu ma'aikatan a Alba an same su suna kwana a bakin kogin Tanaro. Abin takaicin kuma sau da yawa kaporalen shi ma baƙo ne, ya riga ka zuwa ne kawai ya iya yaren.

Italiya ba ta da mafi ƙarancin albashi na ƙasa baki ɗaya a doka, yarjejeniyar ƙungiyoyin ƙwadago da masu gonaki ce ke tsayar da lada, kuma Yuro 3 zuwa 5 da binciken 2024 ya gano ya yi ƙasa da ita nesa ba kusa ba.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu gonaki da ƙungiyarsu suna cewa 'yan tsiraru ne ke ɓata musu suna, yawancin gidaje suna da ma'aikata na dindindin da suke biya daidai, kuma tsarin bizar aiki na gwamnati yana da jinkiri, kafin takarda ta fito girbi ya wuce, dole su nemi 'yan kwangila. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba adalci ba ne a shafa wa kowane gida baƙin fenti, binciken ma bai ce duk inabin da aka tsinka ta wannan hanyar cikin kwalaben Yuro 1,000 ya shiga ba.

Ƙungiyoyin ƙwadago irin su FLAI-CGIL kuma suna cewa wanda ya ba da kwangila a farashin da ya san ba zai isa a biya lebura daidai ba, ba zai ce bai sani ba. Ni a nan nake. Mutumin da zai iya gaya maka tudun da inabinsa ya fito da ranar da aka tsinke shi da irin itacen gangar da ya kwana a ciki, bai kamata a ce sunan wanda ya tsinko da nawa aka biya shi ne kaɗai ya shige masa duhu ba. In an yi wa manomin barkono ko tumatir uzurin cewa manyan kantuna sun matse masa farashi, a gonar da hektarta ke kai miliyan 2 wannan uzurin ba ya tsayawa, tunda kilo ɗaya ne da ɗan ɗori a kwalba, ƙarin ladan lebura ba zai ko girgiza farashin ba.

Doka dai tana nan. Ta 199 ta shekarar 2016 ta ce ba kaporale kaɗai ba, har mai gonar da ya ci moriyar zaluncin ana iya ɗaure shi shekara 1 zuwa 6, da tarar Yuro 500 zuwa 1,000 a kan kowane ma'aikaci. Matsalar masu binciken ba su da yawa, shi kuma wanda ba shi da takarda tsoron zuwa wajen hukuma yake.

Kasuwar ma ta fara juyawa

Abubuwa sun taru a kan harkar a lokaci guda. Hukumar inabi ta duniya OIV ta ce shan giyar inabi a 2024 shi ne mafi ƙanƙanta tun 1961, matasan Turai ba sa sha kamar iyayensu. A 2025 gwamnatin Trump ta ɗora harajin kashi 15 cikin ɗari kan yawancin kayan Tarayyar Turai har da giya. Ga zafi da fari, girbi yana matsowa da wuri, sukari yana yawa barasa tana hawa, har a 2024 aka kawo shawarar a yarda a dasa Nebbiolo a gefen tudun da ke kallon arewa, wurin da kakanninsu ba za su ko kalla ba, aka yi ta cacar baki a kai. Ƙasar kuma ta yi tsadar da ɗan manomi ba ya iya ƙara ko rabin hekta, sai masu kuɗin waje, kamar yadda iyalan Krause na Amurka suka sayi gidan Vietti a 2016.

Irin su Monfortino wannan ba zai taɓa su sosai ba, mai sayen kwalbar Yuro 1,000 ba kashi 15 ne zai hana shi ba. Matsakaitan gidaje ne za su ji a jikinsu, kuma duk lokacin da riba ta ragu wurin da aka fi saurin matsewa shi ne ladan lebura.

Wani abu kuma da zai iya iso mu nan, a ƙarshen 2024 Italiya ta ba da izinin sarrafa giyar inabin da aka cire wa barasa, amma ban da masu DOC da DOCG. Wannan ba lemon inabi ba ne, giya ce aka gama yinta sannan aka zare barasar, kuma dokar Turai ta yarda a bar har kashi 0.5 a ciki. Duk wanda ya ga kwalbar Italiya a babban kanti a Abuja ko Yamai to ya karanta jikinta da kyau kafin ya ɗora a teburin biki.

Ga mai shirin tafiya da wanda ya riga ya isa

In wani ya ce maka ga aikin gona a Italiya, tambaye shi wace gona. Gonar inabi a Piemonte ko Toscana ko Veneto kusan duk ta giya ce, inabin ci yawanci a kudu ake nomansa, Puglia da Sisili. Ga Musulmi wannan ba ƙaramar magana ba ce, hadisi ya zo da la'antar mutum goma a kan giya har da mai matse ta da mai ɗaukarta, kuma mafi yawan malamai sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi. Wanda ya riga ya tsinci kansa a can cikin matsi ya samu malamin da ya san halin da ake ciki ya yi masa bayanin yanayinsa dalla-dalla.

Sannan aikin na lokaci ne, girbi 'yan makonni ne ya ƙare, ga sanyi na tafe. Akwai masu sayar da takardar gayyatar aiki ta bogi a kan kuɗi masu yawa, mutum ya sauka ya tarar babu gonar babu mai gonar, daga ranar ya zama marar takarda, kuma irinsa kaporale ke nema. Wanda yake ciki ya dinga rubuta awanninsa kullum a waya ko ɗan littafi, da sunan wurin da lambar motar da ta kai shi, ya nemi kwafin kwangila da takardar albashi, kar ya bar fasfo ɗinsa a hannun kowa. Ofisoshin ƙungiyoyin ƙwadago da na Caritas, ƙungiyar agaji ta cocin Katolika, suna sauraron baƙi ko da ba su da takarda. Kuma tun Oktoban 2024 akwai dokar da ta tanadi takardar zama ta musamman, ta wata shida da ake iya sabuntawa, ga baƙon da aka zalunta a wurin aiki in ya taimaka wa masu bincike.